Ranar da Na Sayar wa Kaina Bijimi

Akwai wata Talata a karar shanu ta Mafara da har gobe ban manta da ita ba. Lokacin na haura shekara ashirin ina dillanci, kuɗin albasata na noman rani kuma suna aljihu, da niyyar in sayi kwanon rufin ɗaki.

Ga wanda bai san aikin ba: dillali ke riƙe igiya, mai saye ya taya, mai dabba ya ce "albarka" har sai kuɗin sun yi masa, sannan ya ce "na sallama." Abin da ba mu faɗi shi ne, mukan ajiye namu mutum ya riƙa tayin ƙarya. Ɗan Adam ba ya son abu sai ya ga wani zai ɗauke.

Jauro, wani Bafulatani daga Gidan Goga, ya kawo mini tsohon bijimi, haƙoransa duk sun cinye. Na tsayar da abokina Sani Mahauci ya yi tayin ƙarya, na shiga zuba yabo. Sai ga wani Alhaji da babbar riga. Ya taya, Sani ya ƙara, har Sani ya tsorata ya sulale.

Alhaji ya dube ni ya ce, "Baba dillali, in bijimin ga na kirki ne, mi ya hana ka saye? Ko aljihun iska ne?"

Kara ta ɗauki dariya. Na ji kunnuwana sun yi zafi.

Na ce, "Ni? Na ƙara!"

Ya ƙara, na ƙara. Wallahi a karo na uku bijimin ya fara yi mini kyau, ina jin kamar nawa ne za a ƙwace. Yabon da na ƙirƙira da bakina, ni na fara gaskata shi.

Alhaji ya kakkaɓe riga ya ce, "Na bar maka."

Jauro ya ce, "Na sallama," tun kafin in haɗiye yawu.

Da la'asar na gan su tare suna cin tsire. Ashe Alhajin surukin Jauro ne, rigar ma aro ce. Jauro ya kira ni, ya miƙo mini la'adata cif, ya ce, "Baba, ka yi aiki. Ban taɓa ganin dillali kamarka ba."

Ku yara masu shigowa aikin nan, ban yi boko ba, amma na gane a kara ba dabba ake saye ba, zuciya ake sanyayawa. In kun ji kunnenku ya yi zafi, ku saki igiya ku tafi shan ruwa.