Ranar da Jirgin Kakanmu Ba Shi da Ƙafa

A gidanmu na Madakiya, da zarar an gama tonon citta, sanyi ya fara cizon yatsu, Kaka Laraba takan hura wuta a bakin ɗakin girkinta tun rana ba ta gama faɗuwa ba. Mu jikoki mu kewaye ta da ƙananan wuƙaƙe muna tsaga citta a kan buhu, ita kuwa tana juya gwaza cikin toka. Yawancin labaranta na zomo ne da kura, da yarenmu na Bajju take ba da su, mu yi ta dariya har citta ta shiga mana ido. Amma akwai guda ɗaya da take bayarwa da Hausa zalla, sau ɗaya a shekara. Ta ce da Hausa abin ya same ta, ta kasa juya shi zuwa yaren gida.

"Wannan babu dabba a ciki," haka take farawa. "Ni ce a ciki. Ku ajiye wuƙa."

Mijinta, kakanmu Bulus, ya rasu kafin a haife ni. A loko ta Kafanchan, wurin gyaran jiragen ƙasa, ya koyi aikin inji, daga nan wata mishan ta ɗauke shi aiki can bakin kogin Binuwai, ya tafi da amaryarsa. Mishan ɗin tana da ƙaramin jirgin sama mai kujera huɗu, wanda yake ɗauko marasa lafiya daga ƙauyuka. Da damina hanyoyi sukan yanke, filayen sauka su zama taɓo, sai a ɗaura wa jirgin wasu dogayen ƙarafa biyu masu kama da kwale-kwale, ya riƙa sauka a kan ruwa. Idan ruwan sama ya ɗauke, kogi ya ja baya, yashi ya fito, sai a kwance kwale-kwalen a sa masa taya. Wannan canjin aikin Bulus ne, kuma ba ya samun hutun Kirsimeti sai ya gama shi.

A shekarar da abin ya faru Kaka tana da cikin fari, wata takwas. Tana da ƙawa ɗaya a duk ƙasar, Saratu, 'yar Samaru Kataf. A tarago ɗaya suka zo daga Kafanchan, suna cin gyaɗa daga ƙulli ɗaya. An tura mijin Saratu, Ayuba mai bishara, wani ƙauye da ke gaba a bakin kogi, kwana uku a kwale-kwale, a jirgi kuwa bai kai awa ɗaya ba. Ita ma Saratu tana da ciki.

Kaka ta ce tsoro ne ya kama ta. Ba ta son ta haihu cikin mutanen da ba ta jin yarensu, uwarta take so. Matuƙin jirgin, wani Bature da suke kira Dogo, ya ce a ƙara kwana goma kafin a yi canjin, domin filayen ƙauyuka ba su bushe ba. Kaka ta ɗaure akwatinta ta ajiye a bakin ƙofa, inda dole Bulus ya tsallake shi safe da yamma. Ta daina cin abinci a gabansa.

"Ban zage shi ba, ban yi kuka ba," in ji ta. "Na ce masa kawai, Bulus, in na mutu a nan, kai za ka gaya wa mamana."

Kwana uku yana tsallake akwatin. A na huɗu ya je ya gaya wa Dogo cewa ya duba sandar da yake auna ruwa da ita, kogi yana sauka da sauri. Gaskiyar kuwa bai sauka fiye da tafin hannu ba. Dogo ya yarda da shi, don bai taɓa yi masa ƙarya ba.

A nan Kaka takan rage murya, ta bi aikin daki-daki kamar ita ta yi shi. Aka jera gungumai a gaɓa, maza suka jawo jirgin da igiya har ƙarƙashin wani babban maɗaci. Aka rataya sarƙa a reshe, aka ɗaga shi sama yana lilo. Bulus ya kwance wayoyin da suke riƙe kwale-kwalen, ya bi notuna ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a kwano. Aka kwantar da kwale-kwalen biyu a kan ciyawa, ruwa yana tsiyaya daga cikinsu. Washegari da rana tsaka an ɗaura taya ɗaya, ana shirin ta biyu, sai mai kula da oba-oba, rediyon da ake kiran ƙauyuka da ita, ya fito daga ofis yana gudu. Ayuba ne ya yi kira. Saratu tana naƙuda kwana biyu, hannun yaro ya fito, sauran jiki ya ƙi.

Filin ƙauyensu yana cikin ruwa har gwiwa, taya ba ta da amfani a can. Dole a mayar da kwale-kwale, kuma mayarwa ta fi cirewa wuya, domin kowace waya sai an ja ta an auna, in ba haka ba jirgin ya kife a kan ruwa. Kaka ta zo da cikinta ta tsaya a gindin maɗacin, ta riƙe kwanon notuna. Ta ce tun daga lokacin har aka gama, kalma ɗaya Bulus ya yi mata.

"Ya ce, miƙo. Shi ke nan. Miƙo."

Sai hantsin washegari jirgin ya tashi. Ta tsaya a gaɓa ba ta zauna ba har ta ji ƙararsa yana dawowa. Ya sauka, ya taho a hankali yana tsaga ruwa. Aka buɗe ƙofa, Ayuba ya fito shi kaɗai. Saratu ta cika da asuba, ita da yaron, har an binne su. Ayuba ya gaishe da Kaka, ya tambayi nauyin jikinta, ya gode wa Bulus saboda wahalar da ya sha. Bai san abin da ya sa jirgin ya makara ba, kuma babu wanda ya gaya masa.

Bayan mako biyu aka sa tayoyin, Kaka da Bulus suka hau jirgin ƙasa zuwa gida. Ta haifi babana lafiya a ɗakin uwarta. Bulus bai koma wannan aikin ba.

"Amma duk shekara in sanyi ya shigo," Kaka ta ce, tana kallon wuta, "in na je rafi ni kaɗai, ina jin injin nan ƙasa-ƙasa a kan ruwa. Sai in ji mutum a bayana yana numfashi irin na mai tsohon ciki. Ba ta magana. Ni ma ba na juyawa."

Daga ƙofar ɗaki mahaifiyata takan ce, "Mama, kina tsorata yaran nan."

"Bari su ji," Kaka ta amsa.

Muna yara, mun ɗauka darasin shi ne a yi haƙuri, kada a matsa wa mutum a kan aikinsa. Da na girma na shiga makarantar ungozoma, na koyi abin da ake nufi idan hannun jariri ya riga fitowa bayan kwana biyu ana naƙuda. Na gane cewa ko da jirgin ya tashi a take, mai yiwuwa Saratu ba za ta kai asibiti da rai ba. Na kuma gane cewa matar da ta ajiye akwati a bakin ƙofa yarinya ce da ba ta kai shekaruna na lokacin ba, tana tsoron abin da ya kashe ƙawarta.

Da na zo hutu na sami Kaka da rana tana ɓare gyaɗa a inuwar rumbu, idonta ya riga ya yi rauni. Na zauna na yi mata bayani duka, da kalmomin makaranta da na gida. Ta saurara har na gama, hannunta bai tsaya ba.

"Ke kin tabbata?" ta tambaye ni.

An koya mana kada mu faɗi abin da ba mu sani ba.

"Ban tabbata ba, Kaka."

Ta gyaɗa kai, ta tura mini rabin gyaɗar in taya ta.

Ta rasu da daminar da ta biyo. Yanzu ina aiki a wani ƙaramin asibiti wajen Kagarko, na karɓi haihuwa da ba zan iya ƙirgawa ba, na kuma tsaya gaban iyaye da mazaje suna yi mini irin tambayarta. Har yau gaskiya nake faɗa musu. Amma ita kaɗai, da za a mayar da ni gindin rumbun nan, da na ce mata na tabbata.