Yistin Gunvor

Ƙanena Torleiv ba ya magana sai ta kama dole. Tun yana saurayi yake kiwon tumaki a gonar mahaifinmu a Hornindal, da rani ya yanki ciyawa, da sanyi ya faskara itace. Abu ɗaya aka san shi da shi, wato giya. Aure ne, suna ne, Kirsimeti ne, sai ka ji ana cewa, "Ta Torleiv ce? To cika min." Shi kuwa gogan ya tsaya yana shafa gemu, sai ka rantse shi kaɗai ya yi aikin.

Ni dai na san ba haka ba ne. Shi ke jiƙa tsiron sha'ir, shi ke hura wuta ƙarƙashin tukunyar tagulla. Amma ranar da aka juye giya a ganguna maƙwabta suka taru ɗanɗano, yana can falo da baƙi ana shewa, matarsa Gunvor tana ɗakin wuta, inda ake dafa giyar, tana wanke kaya ita kaɗai. Yistin ma nata ne. Daga gidan ubanta ta zo da shi lokacin aurenta, a bushe jikin wani zoben katako. Gidan ya daɗe da rushewa, waɗanda ta taɓa sam wa kuma wasu sun mutu, wasu sun gauraya shi da na kanti. Wurinta kaɗai ya rage.

Da lokacin kaka ya zo, Gunvor ta rasu. Torleiv ya dafa giyar makoki kamar yadda aka saba, ya tsoma zoben, duk abin da ke jikinsa ya narke cikin baho. Aka binne ta, aka sha, aka yaba ƙamshin nan na lemo da ba a samu a ta kowa, aka watse. Bahon kuwa yana nan ba a wanke ba, yistin ya kwanta a gindinsa kamar laka. In ba a kwashe an shanya ba, funfuna ta kama shi, shi ke nan.

Na buga masa waya. "Ka kwashe yistin?"

"Zan yi, Yaya."

Na sake bugawa, amsar ɗaya ce. Raina ya ɓaci, na hau bas na taho. Na tarar da shi zaune a kicin, kofi ya huce a gabansa, rediyo na ta ba da labarin yanayi. Ba ya kuka. Ni ma tun ranar jana'iza hawaye ya ƙi zuwa.

"Tashi, kai! Jira kake tumakin su zo su wanke maka?"

Ya tashi ya biyo ni. A ɗakin wuta na ɗaga murfin bahon na shinshina. Mun gode Allah, da ransa, ko ɗigon funfuna babu. Na ce ya hura wuta ya tafasa ruwa da rassan eine, wani itace mai ƙamshi, tunda da ruwansa mai zafi muke wanke kayan giya tun kakanni, ni zan je in nemo ludayi da kwalba mai tsabta.

A kicin na buɗe kabad sai ga takalman gidan Gunvor a jere, dunduniyar ɗaya ta lotsa. Na tsaya ina kallon su. Ba tunanin komai nake ba, tsayuwar ce kawai, kuma ban san iya daɗewar da na yi ba.

Da na koma, tururi ya cika ɗakin. Torleiv ya sunkuya cikin bahon yana ta gurzawa da reshe, bokitin ruwan zafi a gefe babu komai ciki.

"Torleiv! Me ka yi?"

"Wanki. Ba shi kika zo mu yi ba?"

"Sai an kwashe tukuna, kai! Ka dafa shi!"

Ya miƙe ya dubi ruwan, ya dube ni. Gumi na bin gemunsa.

"Ban taɓa ganin yadda take yi ba," in ji shi. "Ni dai in na shigo sai in tarar an gama."

Na so in zabga masa mari, wallahi na so. Hannuna ya ƙi ɗagawa. Fushin ma na neme shi na rasa, cikina fayau, ba abin da nake ji. Na ajiye ludayi da kwalbar a kan benci.

"Ya mutu ke nan?"

"Ya mutu."

"To."

Ya zare matoshin bahon. Ruwan ya fito ƙasa-ƙasa, ya bi tsakanin duwatsun daɓe ya fita ta magudana. Muka tsaya muna kallo har ya tsane. Sannan ya sake ɗaukar reshen, ya riƙe shi yana jujjuyawa.

"Yaya, daga nan sai me take yi?"

"Ɗauraya. Sannan a kife a bar shi ya sha iska."

Ya ɗauki bokiti ya nufi famfo.