Ranar da Maigidana Ya Daina Fasa Ƙashi

Har ƙasa ta rufe idona ba zan manta ranar da aka duba ƙafar 'yata ba. Lokacin yaƙin Turawa ne, muna zaune a unguwar Treichville, maigidana kuma mahauci ne a kasuwar Adjamé, ƙetaren gada. Yarinyar ta faɗi wajen wasa, ƙauri ya kumbura, ya yi ta zubar da mugunya. Magani kuwa ya yi ɓatan dabo a garin.

Muna da maƙwabci, wani tsoho mutumin ƙasar Gwalkwas da ya taɓa aikin asibiti a can, yana jin Hausa. Ya danna ƙafar, yarinya ta ƙwalla ƙara. Sai ya cire tabarau ya yi ta gogewa.

Na ce, "Baba, mene ne?"

Wai sai ya kama yi mana karatu! Ya ce Ingilishi na kiran ƙashi bon, danginsu Jamus kuwa da irin wannan kalmar suke kiran ƙafa. Ɓargo kuma maro, tsohuwar kalma ce ƙwarai, 'yar'uwarta a wasu harsuna tana nufin ƙwaƙwalwa. Haushi ya turnuƙe ni. 'Yata na ƙonewa da zazzaɓi, shi yana ta bon da maro!

Maigida ya ce, "Baba, don Allah bar Turancin nan. Ciwon a ina yake?"

"A ɓargon," in ji shi, bai ɗago kai ba.

Maigida ya zauna daɓas a ƙasa. Mutumin da ya girma yana fasa ƙashi ya sani, saniyar da ɓargonta ya tsinke ta gama tun kafin wuƙa ta taɓa ta. Ni sai a fuskarsa na gane.

Duk da haka bai haƙura ba. Kullum sai ya zaɓo ƙashi mafi kauri, ya tako da shi tun daga Adjamé, ya tsallako gada, ya fasa, in dafa. "Sha, uwata," yake cewa, "ɓargo zai koma wurin ɓargo." Takan haɗiye don kar ransa ya ɓaci, in ya fita ta amayar. Damina ba ta ƙare da ita ba.

Daga ranar da muka rufe ta har ya rasu, maigida bai sake fasa ƙashi ba. Mai son ɓargo sai dai ya kai gida ya fasa da kansa.

Na daɗe ina jin haushin tsohon nan, Allah ya yafe mini. Yanzu na sani, in mai ilimi ya bar ciwonka ya koma ba ka labarin sunansa, ba wulaƙanci ba ne. Bakinsa ne ya kasa faɗin sauran.