Ranar da Na Tona Asirin Idon Baba

Ko da zan manta komai a duniya, ba zan manta ranar da na tona wa mahaifina asiri a gaban baƙi ba.

Baba tsohon soja ne. Yana bakin aiki can arewa nakiya ta fashe kusa da motarsu, idon hagu ya mutu nan take, na dama kuma ya yi ta dushewa bayan ya dawo gida Gazawa. Muka haɗa dosiye, wato takardunsa duka, don a ba shi kuɗin nakasa, da su muke fatan a yi wa idon da ya rage aiki. Aka ƙi. Dalili kuwa, da likitan sojoji ya tambaye shi ya ido, sai ya ce da sauƙi, yadda kowane dattijon garinmu zai amsa ko yana bakin kabari. Likita ya rubuta abin da ya ji.

Ni ce babbar 'yarsa, ni na yi shekara biyu ina yawo da takardar neman a sake duba maganar, daga wannan buro na gwamnati zuwa wancan a Maraɗi. Yau a ce hoto ya tsufa, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Na gaji, har tunanin hanyar Maraɗi kaɗai kan sa mini ciwon baya. Da aka sake kiranmu, tun daga tasha nake roƙonsa.

"Baba, don Allah yau ka faɗa masu gaskiya."

"To, na ji, ɗiyata."

Muna isa bakin ƙofar ɗakin likitoci ya zare hannunsa daga nawa, ya miƙo mini sandarsa, ya shiga ƙirji a gaba, ya ƙame. Likitoci uku ne zaune. Babbansu ya ce, "Sarjan, ya idon?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Na ga alƙalami ya sauka kan takarda. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce wallahi babu wani sauƙi. Na ce ni nake juya masa tabarmar salla gabas, jikokinsa da murya yake gane su, ran Juma'ar da ta wuce ma daga cikin kwata aka ciro shi. Baba bai juyo ba.

Muka hau motar komawa, muka wuce garin Agiye. Sai da muka kusa gida ya ce, "Ko maganar kwatar nan ce, da kin bar mini ita."

Bayan wata bakwai takarda ta fito, an amince. Muka kai shi wurin mai aikin ido, ya haska fitila, ya ce jijiyar ta riga ta mutu, da shekara biyu baya ne da an ceto wani abu.

Abin da na koya shi ne, in kunya ta hana naka faɗin ciwonsa a gaban mai rubutawa, kai za ka faɗa masa, kuma tun ranar farko. Don a wancan zuwan na farko ma ina nan tsaye a bayansa. Na ji ya ce da sauƙi, na yi shiru don kada in kunyata shi.