Maigadin da Ladabi Ya Nutsar

Wanda ake kira Liƙau ɗa ne ga tela, jika ne ga tela, kuma tattaɓa kunne ne ga wani telan da aka ce yakan ɗinka wa mutum aljihu alhali rigar tana jikinsa. Daga wannan zuri'a mai daraja Liƙau bai gaji allura ba. Ɗabi'ar kaɗai ya kwaso.

Sana'arsa haɗa wasannin kwamfuta ce, a wani ofishi mai fanka ɗaya da wayoyi kamar saƙar gizo. A wannan sana'a, kowane mutum na cikin wasa gangar jiki ce kawai, sai an manna masa guntun umarni da ke zama halinsa: Gudu, Tsalle, Faɗa. Masu hankali kan manna halayen tun kafin a kunna wasa. Liƙau kuwa sai wasa yana gudana yake sa injin wasan ya kira hali da nau'insa, ya liƙa wa mai shi nan take.

An ɗauke shi aikin gwaji ne, mahaifinsa kuma ya riga ya goge masa keken ɗinki.

"In suka kore ka, ga kujerarka nan," in ji tsohon. "Ita ba ta neman caji."

A wasan akwai wani maigadi. Liƙau ya tsara cewa duk sa'ad da aka gaishe shi, a liƙa masa Ladabi ya rusuna. Abin da ya manta shi ne ya sa injin ya duba ko maigadin yana da Ladabin tun da fari. Ba wanda ya lura, domin abokan aikinsa 'yan zamani ne: sannu ɗaya, sun wuce.

Ranar yanke hukunci mai kamfanin ya zauna da kansa ya gwada wasan. Dattijo ne da ba ya gaisuwar ƙaranta. Ya danna gaisuwa, maigadi ya rusuna. Ya tambaye shi gajiya, aka ƙara Ladabi a kan Ladabi, maigadi ya durƙusa. Da aka zo kan iyali, ƙasa ta kai masa ƙugu.

"Ranka ya daɗe, a wuce ciki mana," in ji Liƙau, gumi na bin wuyansa.

"Yaro, ban tambayi yara ba tukuna."

Ya tambayi yara. Hula kaɗai ta rage a doron ƙasa, ita ma ta bi ubangidanta.

Liƙau ya fara jin ƙarar keken ɗinki a kunnensa. Dattijo ya cire tabarau, ya share hawayen dariya.

"Tun da na kafa kamfanin nan ba wanda ya girmama ni haka. Ka tono min shi kafin gobe, ka kuma zauna a aikinka. Amma ka koya masa cewa ladabi ɗaya ya isa."

Da labari ya kai gida, mahaifin ya rufe keken da zane, ransa a ɓace.

"Kai kuwa, me zai hana ka ba bawan Allah halinsa tun farko, ka huta?"

"Haba Baba! Sai riga ta hau jiki ake sanin inda hannu zai nemi aljihu. Laifina ɗaya, ban laluba na ji ko akwai wani a wurin ba."