Ya Tafi Gona

Har yau in aka ƙwanƙwasa ƙofa sai gabana ya faɗi. Jikata ce take rubuta muku wannan, ni ban yi boko ba.

Ina ƙarama, Baba yana cikin jam'iyyar talakawa, a zamanin da shigarta kan jawo wa mutum bulala. Inna takan ɓoye bajonsa na jam'iyya a ƙasan tukunyar daddawa, shi ya sa kullum yake wari in ya maƙala. Kaka kuwa abu ɗaya ta koya mana: duk baƙon da ya yi sallama yana neman Baba, a ce ya tafi gona.

Wata damina, gero ya fara fitar da kai, mutum uku suka tsaya a zaure. Ni na fita. Na faɗa musu yadda aka koya mini. Suka ture ni suka shiga, suka zaro shi daga cikin rumbu, ƙaiƙayi duk a gemunsa, suka tafi da shi. Sai bayan girbi ya dawo, kunnensa ɗaya ba ya ji, kuma bai ƙara dariya mai ƙarfi ba.

Da ɗanmu likita ya kawo mu Manchester, Malam mijina ya tarar da jam'iyyar masu jan fure ita ke riƙe da council, wato hukumar garin, tun kafin a haifi 'ya'yanmu. Yakan ce ko akuya suka tsayar a unguwarmu Whalley Range za ta ci zaɓe. Duk da haka da sandarsa yake bin su rabon takardu gida gida, yana murna wai ga inda talaka ke siyasa ba a dukansa.

Allah ya yi masa rasuwa cikin hunturu. Ban daɗe da fita takaba ba aka buga ƙofar flat ɗinmu. Wata Baturiya ce da jan fure a ƙirji, tana tambayarsa da sunansa. Kafin na ankara bakina ya ce, "Ya tafi gona."

"Hajiya, wace gona kuma a Manchester?" in ji jikata. "Bari in gaya mata gaskiya."

Na riƙe hannunta. "Ke dai faɗa mata yadda na ce."

Baturiyar ta yi murmushi, ta ce za ta dawo kafin zaɓe.

Yanzu babu mai dukan kowa, na sani. Ɗana ya ce zai kira ofishinsu ya sanar da su, na roƙe shi ya dakata. Masu gaisuwar mutuwa sun watse tuni. A duk garin nan, ita kaɗai ta rage da ke zuwa ƙofa tana neman Malam.