Manhajar da Na Yi wa Yayana

Yayana ya girme ni da shekara goma sha huɗu. A Argungu babu unguwar da bai shiga da kyamara a kafaɗa ba, ko biki, ko suna, ko walimar saukar karatu. Masu ɗaukar bidiyo suna da yawa a garin, amma shi haɗawa ce ta fitar da shi. Yakan zauna gaban kwamfuta a shagonsa da bidiyon awa huɗu, ya tashi da na minti arba'in, kuma duk wanda ya halarci taron zai ga kansa a ciki. Shi ya fara ɗora hannuna a kan kwamfuta, shi kuma ya tsaya har na gama kwalejin fasaha a Birnin Kebbi. A can na samu aiki, a wani ƙaramin ofis da muke rubuta manhajojin waya.

Ciwon ya same shi lokacin yankan shinkafa, da hantsi, yana shirin fita. Hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Bayan wata biyu ƙafar ta fara ɗaukarsa da taimakon sanda, magana ta dawo da nauyi, hannun dama kuwa bai dawo ba.

Kowace Asabar nakan shiga mota in je duba shi. Wata Asabar na tarar da shi a kan tabarma a ƙofar ɗaki, wayarsa a kife kusa da shi. Matarsa ta ja ni gefe ta ce akwai aiki ɗaya da ya hana shi sukuni. Mako guda kafin ya kwanta ya ɗauki walimar saukar Alƙur'ani ta 'yar wani malami, bai samu haɗawa ba. Malamin kuma ya rasu a tsakani. Iyalansa ba su tambaya ba, don sun san halin da ake ciki, amma Yaya bai manta ba. Zaman kwamfuta ya gagare shi, aikinta ma na hannu biyu ne. Ya sa an juye masa bidiyon a waya, ya gwada manhaja uku, duk ya kasa.

Na ɗauki wayar na ce ya nuna mini. Ya ɗora ta a cinya ya sa yatsa. Wurin da ake ja a datse bidiyo siriri ne kamar zare, yatsansa kuma yana rawa. In yana son faɗaɗa hoto sai da yatsu biyu, wayar ta zame. Sau uku ya goge abin da bai yi niyya ba. Ya sake kife ta.

Na ce, "Yaya, kawo in haɗa maka, kana gaya mini wurin datsewa."

Ya ce, "In ke kinka haɗa, aikinki ne, Auta. Ni anka ba amana."

A hanyar komawa na yanke shawarar zan rubuta masa tasa manhajar. Na gaya wa abokiyar aikina, wadda ita ke zana fuskar duk manhajar da muka yi. Kirista ce, iyayenta daga Filato suka zo, amma a Birnin Kebbi aka haife ta. Ta yarda ta taya ni bayan tashi daga aiki. Cikin mako biyar muka fitar da abu mai maɓalli uku manya-manya, ja da kore da shuɗi: datsewa, haɗawa, ajiyewa. Na ɗauka mun gama.

Yaya ya karɓa ya daɗe yana dubawa. Ya tambayi inda ake rage murya, na ce na cire. Ya tambayi inda ake matsar da hoto kaɗan-kaɗan don a datse daidai ƙiftawar ido, na ce shi ma na cire, don abin ya yi sauƙi.

Ya miƙo mini wayar. "Wanga na yara ne. Hannuna ne ya mutu, ba kaina ba."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na yi mako biyar ina aiki a kan abin da ba ya iyawa, ban tsaya ko sau ɗaya na tambaye shi abin da ya sani ba, mutumin da ya yi shekara ashirin a sana'ar.

Da na ba abokiyata labari, ta ce Asabar mai zuwa tare za mu je, kuma in rufe bakina. Haka aka yi. Ta gaishe shi, ta zauna a gefen tabarma da takardu da aka yanka daidai girman waya, ta ce, "Yaya, ka ɗauka wannan ce wayar. Ina yatsanka yake kaiwa ba tare da ka wahala ba?" Ya riƙe takardar da hagu, ya zagaya da babban yatsa, ita kuma ta bi sawun da fensir. Wurin bai fi rabin tafin hannu ba, a ƙasa ta hagu. Ta ce duk abin da zai taɓa dole ya zauna a nan.

Daga nan ta sa shi ya yi mana bayanin yadda yake haɗa bidiyon walima tun daga farko. Maganarsa tana fita da ƙyar, wani lokaci kalma ta maƙale sai ya zana ta da yatsa a iska. Mun fi awa biyu. A nan na ji cewa ba ya datse hoto a inda magana ta ƙare, sai ya bar fuskar mutum ta huta tukuna. A nan kuma na ji cewa muryar mai karatu yakan bar ta ta ci gaba a ƙarƙashin hoton masu sauraro. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da manhajata ta farko za ta iya.

Muka sake daga tushe. Mako guda na yi ina sa hannun dama a aljihu duk lokacin da zan gwada abin da na rubuta. Muka cire ja da yatsa gaba ɗaya, muka sa kibiya biyu, kowane taɓi ya matsar da hoto ɗan taki ɗaya, in aka danne ya yi gudu. Saboda rawar yatsa, na sa manhajar ta ɗauki taɓi biyu masu bin juna da sauri a matsayin ɗaya. Abubuwan da na cire duk suka dawo, sai dai ba sa fitowa tare, kowanne sai an zo wurin buƙatarsa. Kalmomin Hausa shi ya zaɓa. Na rubuta "yanka", ya ce rago ake yankawa, in sa "datse".

Ya ɗauki kwana goma sha tara yana haɗa bidiyon walimar, aikin da a da yini biyu ya ishe shi. Ina nan ranar da matar malamin da 'yarta suka zo karɓa. Aka jona wayar da talabijin a falo. Kusa da ƙarshe malamin yana addu'a, ya shafa, sannan ya juya ya dubi 'yarsa. Yaya bai datse a wurin shafawar ba, ya bar wannan kallon har malamin ya sunkuyar da kai. Matar ta ja mayafi ta rufe fuska. Da za su tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta yi masa addu'a mai tsawo, shi kuma yana amsawa da amin, idonsa a ƙasa.

Bayan haka aiki ya riƙa zuwa masa jefi-jefi. Wasu su ɗauko, shi ya haɗa. Manhajar ba ta yi wani suna ba. 'Yan ƙungiyar waƙa na cocin abokiyata sun yi amfani da ita, da wasu mata masu tallar atamfa ta waya, sai wani malamin makaranta mai hannu ɗaya da ya ji labari ya zo har ofis. Yaya kuwa bai daina aiko mini da gyara ba, wani lokaci saƙon murya uku a yini.

Shekara biyu da 'yan watanni ya yi a haka. Ciwon ya dawo masa da damina, bai kwana uku a asibiti ba ya rasu.

Bayan an share makoki matarsa ta ba ni wayar, ta ce in kwashe ayyukan mutane in mayar musu. A ciki na ga jerin gajerun bidiyo da ban san da su ba. Innarmu tana garin Augie, ciwon gwiwa ya hana ta tafiya, ashe kowace Juma'a yakan tura mata bidiyonsa yana takawa a tsakar gida. Matarsa ce ke ɗauka, shi ya haɗa. A kowanne yana tafiya daga ƙofar ɗaki zuwa gindin darbejiya, ya juyo ya ɗaga mata hannu.

Manhajar ba ta zubar da abin da aka datse, tana ajiye shi a gefe ko mai aiki zai sake shawara. Na buɗe wurin. Na ga inda ƙafar ta ƙi ɗaguwa ya tsaya yana haki, da inda ya dafa bango, da inda ya faɗi a kan gwiwa ya ɗaga wa matarsa hannu kada ta ajiye wayar. A watannin ƙarshe abin da ya datse ya ninka abin da ya bari.

Na je Augie bayan arba'in. Inna ta sa na zauna kusa da ita, ta buɗe wayarta ta nuna mini na Juma'ar ƙarshe. Ta ce, "Kin gani, sauƙi ya fara samuwa. Kwana ne ya ƙare."

Na ce, "Haka ne, Inna."

Ta ce in mayar mata shi farko, na mayar, muka sake kallo.